Iliya Mecnikof, Shaihin Malamin Da Ya Nemi Maganin Tsufa A Cikin Nono

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun, musamman mutanen Adamawa, ba su manta da kindirmon da matan Fulani ke tallarsa a Sangere, kusa da Jami'ar Modibbo Adama, ba. To, akwai wani shaihin malami Bature da ya ƙare rayuwarsa yana shan irin wannan nono kullum, wai don ya kori tsufa. Shi ne kuwa ya raɗa wa ilmin binciken tsufa sunan da jami'o'i ke ba da manyan digirori da shi har yau.

An haifi Iliya Mecnikof a cikin 1845, a wani ƙauye kusa da Karkif, ƙasar Yukuren ta yanzu, lokacin tana hannun sarkin Rasha. Karatun jami'a na shekara huɗu, cikin shekara biyu ya gama shi. Daga bisani ya zama malamin ilmin dabbobi a Jami'ar Odesa. Amma fa bai ji daɗin ƙuruciyarsa ba. Da tarin fuka ya kashe matarsa ta fari a cikin 1873, baƙin ciki ya sa ya nemi halaka kansa, sai dai kwanansa na gaba.

A cikin 1882 ya bar aikin jami'a ya tafi Mesina ta ƙasar Italiya. Can ne ya soka ƙaya a jikin 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro, waɗanda ake hangen cikinsu garau. Gari na wayewa ya duba da madubin likita, sai ya ga wasu ƙananan ƙwayoyin jiki sun yi wa ƙayar taron dangi. Daga nan ya gane cewa jiki na da dakarunsa masu cinye ƙwayoyin cuta. Wannan ya jawo masa kyautar Nobel a cikin 1908, shi da Bajamushe Paul Ehrlich.

Tun 1888 yake aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, kuma da furfura ta fara kama shi sai ya juya kan tsufa. A lokacin, likitoci na ɗaukar tsufa abin da ba a bincike a kansa, sai haƙuri. Shi kuwa ya ƙi yarda. A cikin 1903 ya ƙago kalmar jerontoloji, daga kalmar Girkanci mai nufin tsoho.

A ganinsa, wasu ƙwayoyi ne a cikin babban hanji ke fitar da dafi mai tsofar da mutum, tsamin nono kuwa na hana su yaɗuwa. Hujjarsa ita ce manoman Bulgeriya, masu yawan shan nono, waɗanda aka ce suna daɗewa a duniya. Nan fa mutanen Turai suka ɗunguma neman nono mai tsami.

A nan kam malam ya yi gaggawa. Binciken da aka yi bayansa bai tabbatar da cewa dafin hanji ne tushen tsufa ba, ko da yake masana sun sake komawa kan amfanin ƙwayoyin hanji ga lafiya.

Ciwon zuciya ne ya zama ajalinsa a Faris, ran 15 ga Yuli, 1916, yana da shekara 71. An ƙone gawarsa, aka ajiye tokar a ɗakin karatu na cibiyar da ya yi wa aiki.