Nathan Cobb: Ɗan ƙwadagon gonar da ya koya wa duniya ƙirga tsutsar saiwa

Manomin rani a Damri ko Bakura, ko a filayen Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, ya san wannan matsala: tumatir ya sha ruwa, ya samu taki, amma da rana ta take sai ya yi yaushi. Idan aka tumɓuke shi, sai a tarar saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi.

Feshin ganye ba ya magance ta, domin ɓarnar a cikin ƙasa take. Wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya iya gani sosai, wadda masana ke kira nematod. Mutumin da ya mayar da nazarinta fanni mai zaman kansa a Amurka shi ne Nathan Augustus Cobb.

An haife shi ranar 30 ga Yuni, 1859 a garin Spencer da ke jihar Massachusetts. Yana da shekara 14 mahaifinsa ya bar gida, sai nauyi ya dawo kansa, ya shiga ƙwadago a gonakin mutane. Da karatun da ya riƙa yi wa kansa ya zama malamin makaranta, sannan ya kammala kwalejin kimiyya da fasaha ta Worcester a 1881.

Bayan shekara shida yana koyarwa, a 1887 ya kwashi matarsa Alice da 'ya'yansu zuwa Jami'ar Jena a Jamus, ya samu digirin dakta a 1888. Abin mamaki, tsutsotsin da ya fara nazari a can ba na gona ba ne, na cikin manyan dabbobin teku ne.

A 1889 ya sauka a Sidni ta Ostareliya ba tare da wani aiki na jiransa ba. Sai da ya yi wa wani ɗan kasuwa aikin talla kafin ma'aikatar gona ta New South Wales ta ɗauke shi a 1890 a matsayin masanin cututtukan tsirrai.

A nan halinsa ya fito: Cobb mutum ne da ba ya yarda da kintace. Da cutar tsatsa ta addabi alkama, sai ya zana hotunan ganye da ke nuna kashi nawa cikin ɗari cutar ta cinye, domin kowa ya auna da mudu ɗaya. Har yau ana aiki da wannan ma'auni bayan an yi masa gyara. A 1893 kuma ya bayyana tsutsar da ke cin saiwar ayaba a tsibiran Fiji, wadda ke sa bishiyar faɗuwa da nauyin 'ya'yanta. Ita ce har yanzu ke damun masu noman ayaba da agade a Afirka.

Ya yi shekara biyu yana binciken rake a Hawai, kafin ya koma ma'aikatar gona ta Amurka a 1907, inda aka fara ba shi aikin tantance ingancin auduga. Tsutsa dai ita ce a ransa. Ya bayyana nau'o'i fiye da 1,000, amma aikinsa da ya fi amfanar manomi shi ne na 1918, wato yadda za a ƙirga tsutsar da ke cikin ƙasa. Ana dama ƙasar a bokitin ruwa, a bar yashi ya kwanta, sai a tsiyaye ruwan ta cikin rariya bayan rariya, kowace ta fi ta baya ƙananan idanu, a ɗebi abin da ya maƙale a duba shi a na'urar da ke ƙara girman abu. Aiki ne mai arha, kuma har a jami'o'in Najeriya ana bin sa.

Cobb ya rasu a Baltimore ranar 4 ga Yuni, 1932, yana da shekara 72, bai ga zamanin manyan magungunan kashe tsutsar ba. A 1943 ne aka gano a gonakin abarba na Hawai cewa wani sinadari mai suna D-D yana kashe ta. Amfanin gona ya ƙaru, manoma suka gane irin asarar da suka daɗe suna yi. Sai dai magungunan sun zo da nasu tsadar: a 1977 an gano cewa DBCP ya hana ma'aikatan wata masana'anta a Kalifoniya haihuwa, kuma Furadan, wanda manoman Arewa suka sani, ƙasashe da dama sun haramta shi saboda ƙarfin gubarsa.

A 2008 masana suka karanta ɗaukacin ƙwayoyin gadon tsutsar da ke ƙulle saiwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa idan magani ya taɓa ta bai kashe ta ba, wasu ƙwayoyin gadonta kan ƙara aiki, musamman masu samar da sinadaran da ke narkar da guba, kuma kowane magani da irin martanin da yake jawowa. Wannan abin lura ne ga mai tsawaita magani da ruwa don ya isa gona. Nau'in tsutsar ma yana da muhimmanci, kuma Benjamin Chitwood, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Cobb, shi ne ya rarrabe nau'o'inta a 1949.

Shi ma tumatir yana da nasa makamin. Harafin N a jikin fakitin iri yana nufin yana ɗauke da ƙwayar gado mai suna Mi, wadda aka samo daga wani tumatirin daji na ƙasar Peru. Sai dai kariyarta kan yi rauni idan zafin ƙasa ya haura digiri 28, abin da gonakin Zamfara kan wuce a watannin Maris da Afrilu.