Tarihin Donders, Likitan Da Ya Kafa Ƙa'idar Gwajin Tabarau

Duk ɗalibi ko ma'aikacin da aka taɓa gwada wa ido a asibiti kafin a ba shi tabarau, ya ci moriyar aikin wani shehun malami mutumin ƙasar Holan, mai suna Franciscus Cornelis Donders. An haife shi a garin Tilburg ran 27 ga watan Mayu, 1818. Shi ne auta kuma shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu, mahaifinsa kuwa ya rasu tun yana jinjiri.

Ya koyi aikin likita a makarantar likitocin soja da ke Utrecht, kana ya sami digirinsa a Jami'ar Leiden cikin 1840. Bayan ya taɓa aikin likitan soja, sai aka komo da shi Utrecht don ya koyar, har ya zama shehun malami a jami'ar garin cikin 1847. A shekarar 1851 ya ziyarci Landan, inda ya sadu da manyan likitocin ido biyu, watau William Bowman na Ingila da Albrecht von Graefe na Jamus. Tun daga wannan tafiya ya duƙufa ga binciken ido.

A wancan zamani, mai neman tabarau yakan je wurin ɗan kasuwa ne, ya yi ta gwadawa har ya dace da wanda ya ga dama-dama. Likitoci da yawa suna ƙyamar ba yaro tabarau, don suna zaton yana raunana ido. Saboda haka matashin da idonsa ke gajiya, kansa na ciwo in ya yi karatu, akan shawarce shi ya rabu da littafi, ya nemi wata sana'a.

Donders ya auna idanun mutane masu ɗimbin yawa, ya rarrabe matsalolin dalla-dalla. Ido ba ya gani sosai sai hasken da ya shiga ya tattaru daidai a kan tantanin da ke can bayansa. Idan ƙwayar ido ta cika tsawo, hasken yakan tattaru kafin ya isa tantanin, sai mutum ya kasa hangen nesa. Maganinsa gilashi mai siririn tsakiya. Idan kuwa ƙwayar ta gajarta, tilas naman da ke sarrafa madubin cikin ido ya riƙa aiki ba hutawa, daga nan gajiya da ciwon kai ke tasowa. Maganinsa gilashi mai kaurin tsakiya. Ya kuma nuna cewa wannan dabam yake da raunin gani na manyanta, wanda kan bayyana bayan shekara 40, sa'ad da madubin ya soma taurin da zai hana shi daidaita gani a kan abin da ke kusa. Kafin zuwansa akan cuɗanya biyun.

Har ila yau ya gano dangantakar gajartar ƙwayar ido da harara-garke. Duk lokacin da ido ya yunƙura don ganin abu na kusa, idanun biyu sukan karkato wajen hanci. Yaron da ƙwayar idonsa ta gajarta yana yawaita wannan yunƙuri, har ido ɗaya ya kauce ciki. In aka ba shi tabaran da ya dace da wuri, sau da yawa idon yakan miƙe ba tare da an yi masa aiki ba.

Ya tattara wannan ilmi cikin babban littafinsa kan matsalolin daidaita gani da karkatar haske a ido, wanda aka buga da Turanci a Landan cikin 1864. Kafin haka, a 1858, ya buɗe asibitin ido domin marasa galihu a Utrecht, da gudummawar jama'a. A nan ne mataimakinsa Herman Snellen ya tsara allon haruffan nan, manya a sama ƙanana a ƙasa, cikin 1862, wanda har yau ake amfani da irinsa a asibitoci.

Ilminsa bai tsaya ga ido kaɗai ba. A 1868 ya wallafa bincike kan tsawon lokacin da ƙwaƙwalwa ke ɗauka kafin ta bambance abu ta yanke shawara. Ya kuma tsara gwajin rarrabe launi ga ma'aikatan jirgin ƙasa, domin kada direba ya ɗauki jar fitila a matsayin koriya.

Ya ajiye aiki cikin 1888 da ya cika shekara 70, ya rasu a Utrecht ran 24 ga watan Maris, 1889. An kafa mutum-mutuminsa a garin, kuma wata cibiyar binciken ƙwaƙwalwa da ke Nijmegen tana ɗauke da sunansa. Babban abin da ya bari shi ne ƙa'idar da likitoci ke bi yanzu, watau a auna ido tukuna, a san irin matsalarsa, kana a yanka gilashin da ya dace da shi.