Farfesa Lambo, Likitan Da Ya Kwance Majinyata Daga Turu

A kan hanyar Baga cikin Maiduguri akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009 aikinsa ya ƙaru, don kuwa akwai mutanen da suka tsira da ransu ba ko ƙwarzane a jiki, amma barci ya ƙaurace musu, ko an buga ƙofa sai gabansu ya faɗi. Wannan ciwo ba ya nuna a hoton ƙirji. Fagen da ke bincikensa shi ne ilmin halayyar ɗan Adam, watau nazarin yadda mutum ke tunani, da abin da yake ji a zuci, da dalilin da ya sa yake aikata abin da yake aikatawa. To, wanda ya fara kafa wa irin wannan jinya gindi a Nijeriya Bayarabe ne, daga nan Kudu inda mai karatu ke neman abinci. Sunansa Thomas Adeoye Lambo.

An haife shi a Abekuta ran 29 ga Maris 1923. Ya yi makarantar Baptist ta garinsu, ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila ya zama likita, sa'an nan ya ƙware kan taɓin hankali a asibitin Maudsley na London. Ya komo gida a 1954.

Abin da ya tarar ba daɗin ji. Gidan mahaukata na Yaba a Ikko, wanda aka buɗe tun 1907, ya fi kama da kurkuku, ana tsare mutum ne don kada ya dami jama'a. A ƙauyuka kuwa sai mari da turu. Ga shi kuma wani likita Bature da ya yi aiki a Kenya, J. C. Carothers, ya wallafa littafi a 1953 yana nuna wai hankalin baƙar fata bai kai na Bature ba. Lambo ya ƙaryata shi a rubuce, amma amsar da ta fi ƙarfi a aikace ya ba da ita.

An ba shi riƙon asibitin Aro kusa da Abekuta, alhali ba a gama gininsa ba. Maimakon ya zauna jiran 'yan kwangila, sai ya tafi wurin dattawan ƙauyukan da ke kewaye ya roƙe su su ba majinyata hayar ɗakuna. Da fari mutane sun tsorata, kuma ba laifinsu ba ne, wa zai so a kawo masa mahaukaci gida? Sai ya kafa sharaɗi guda: ba a karɓar mara lafiya sai da ɗan'uwansa, uwa ko 'yar'uwa ko wani na jiki, wanda zai dafa masa abinci, ya yi masa wanki, ya kwana tare da shi. Da safe a rako shi asibiti a ba shi magani, da rana ya koma ƙauye ya zauna cikin mutane, ya je kasuwa, in ya samu sauƙi ya taɓa noma. Masu gidaje suka samu kuɗin haya, ƙauyukan suka samu ruwan famfo. Dabarar a nan ita ce, wanda ya warke a cikin jama'a ba ya bukatar a sake koya masa zama da jama'a, danginsa kuma sun ga warkewar da idonsu, ba za su guje shi ba in ya koma gida.

Abin da ya fi jawo masa surutu shi ne jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Ba wai ya yarda da duk abin da suke yi ba ne. Ya dai lura mara lafiya yana bayyana damuwarsa da harshen al'adarsa. Bayarabe zai ce mayu ne, Bahaushe ya ce iska ko sammu, Bature ya ce maƙwabta ke leƙen asirinsa, alhali sau da yawa ciwon ɗaya ne. Likitan da ya yi wa wannan bayani dariya ya rasa majinyacinsa tun ranar farko.

A 1961 ya tara likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abekuta, taro na farko irinsa. Ya kuma haɗa kai da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka suka bi ƙauyukan Yarabawa suna bincike. Littafinsu na 1963 ya nuna cututtukan da aka sani a ƙasashen Turawa suna nan a ƙasar Yarabawa, kamanninsu ne kawai ke ɗan sauyawa. Ya kuma binciki ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Ingila, waɗanda kaɗaici da kewar gida suka kayar da wasunsu. Duk wanda ya bar Borno ko Katsina ya kwana shi kaɗai a shago a Agege ko Sabon Badun ya san wannan ba tatsuniya ba ce.

Daga nan sai muƙamai. Ya shugabanci Jami'ar Badun daga 1968 zuwa 1971, ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba, ya kai matsayin mataimakin babban darakta, ya bar aiki a 1988. Ya rasu ran 13 ga Maris 2004, saura kwana goma sha shida ya cika shekara 81.