Ida Hyde, mai ɗinkin hula da ta zama malamar jami'a

Yau muna tafe da tarihin wata mata ƴar Amurka, Ida Hyde, wadda aka haifa a 1857. Ubanta ɗan kasuwa ne, ya tafi ya bar uwarta da ƴaƴa. Uwar ta kama sana'a a birnin Cikago, sai gobarar 1871 ta cinye gidansu da jarinta ƙurmus. Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban tokar rumfarta ta san abin da muke nufi.

Ida tana da shekara 14 ta shiga koyon ɗinkin hulunan mata. Da guminta aka biya wa ɗan'uwanta namiji karatun jami'a, kamar yadda aka saba. Ita sai da ta kai 24 ta shiga, kuma bayan shekara guda ya kwanta ciwo, dole ta bari. Shekara 7 ta yi tana koyar da yara, tana tara kuɗin komawa.

Da ta gama, ta wuce ƙasar Jamus neman digirin dokta. Can wani babban malami ya hana ta zama ajinsa don tana mace. Da rubutun mataimakansa ta yi karatu, ta ci jarrabawa a 1896. Jami'ar Kansas ta ɗauke ta aiki.

To, me ta ƙera? Jikinmu an gina shi da ƙwayoyin rai da ido ba ya gani, jijiyoyi kuma da ɗan kuran suke kai saƙo, kamar waya. A 1921 ta bayyana wani tsinken gilas, siriri ƙwarai, da ake taɓa ƙwaya guda da shi a sa mata kuran, a ga yadda za ta motsa. Mu dai a ganinmu, hannun da ya saba da allura ne.

Ta rasu a 1945, tana da shekara 87. Tun 1972 masana suka fara jera irin waɗannan bakunan kuran bisa ɗan faranti. Yau wasu na ɗauke da dubbai a fili kamar farce. Ana rainon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a kai, ana sauraron saƙonsu, ana gwada magungunan farfaɗiya kafin su kai ga marar lafiya.