Fada Gregor Mendel: Firist da Ya Gano Asirin Gado a Lambun Wake

An haifi Johann Mendel a watan Yuli na shekarar 1822 a ƙauyen Heinzendorf, cikin daular Ostiriya, a yankin da yau yake cikin ƙasar Cek. Iyayensa manoma ne masu ƙaramin ƙarfi, kuma tun yana yaro ya koyi renon itatuwa a lambun gidansu. Yana tsakiyar karatu gungumen itace ya faɗa wa mahaifinsa, ya nakasa shi, kuɗin makaranta kuwa ya yanke. Sai ƙanwarsa Teresiya ta ba shi wani kaso na dukiyar da aka ware domin aurenta. Bai manta da wannan alheri ba, domin daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

A shekarar 1843 ya shiga gidan sufaye na ƙungiyar Waliyyi Agustin a birnin Brno, ya ɗauki sunan Gregor. An naɗa shi firist a 1847. Amma aikin ziyartar marasa lafiya ya fi ƙarfin zuciyarsa, har ganin wahalarsu ya kwantar da shi ciwo. Shugaban gidan, Fada Cyril Napp, bai yanke masa ƙauna ba. Ya tura shi koyarwa, sa'an nan ya aika shi Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853, inda ya karanta lissafi da kimiyya. Duk da haka sau biyu yana shiga jarrabawar malanta, a 1850 da 1856, bai samu takardar ba.

A shekarar da ya faɗi karo na biyu ya dukufa a lambun gidan sufayen, yana neman amsar tambayar da kowane manomi ya taɓa yi: yaya hali yake ratsawa daga iyaye zuwa 'ya'ya? Ya zaɓi waken Turawa, ya sa ido kan siffofi bakwai, kamar tsawon kara, launin fure da santsin ƙwaya. Da hannunsa yake ɗaukar garin fure daga wata shuka ya shafa wa wata, ya jira su nuna, ya ƙirga. Daga 1856 zuwa 1863 ya rena shuke-shuke kimanin 28,000.

Da ya haɗa doguwar shuka da gajera, 'ya'yan duka suka fito dogaye, kamar gajarta ta ɓace. Amma da ya shuka irin waɗannan 'ya'ya, sai ga dogaye 787 da gajeru 277, wato kusan uku bisa ɗaya. Haka lissafin ya fito a dukan siffofin bakwai. Daga nan ya gane cewa kowace shuka tana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar tana rinjaya, wata kuwa tana ɓuya ba tare da ta lalace ba, sai ta bayyana a jikoki idan ta gamu da irinta.

Ya gabatar da sakamakon a gaban masana na Brno a 1865, aka buga shi a 1866, amma kusan ba wanda ya fahimci darajarsa. A 1868 aka zaɓe shi shugaban gidan sufaye. Nauyin shugabanci, da doguwar jayayya da gwamnati kan harajin da ta ɗora wa gidajen sufaye, suka raba shi da bincike. Ya rasu da ciwon ƙoda ranar 6 ga Janairu 1884, ranar Idin Bayyanuwar Ubangiji, yana da shekara 61. Sai a 1900 masana uku, De Vries da Correns da Tschermak, suka farfaɗo da aikinsa. Tun daga nan duniya take ɗaukarsa uban ilimin gadon halitta.

'Yan'uwa, abin da ya ƙirga a lambu ya shafi gidajenmu. Cutar sikila tana bin wannan ƙa'ida. Idan miji da mata duka suna da jinin AS, lafiyarsu lau, amma kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na haihuwar ɗa mai SS. Wannan ba maita ba ce, ba la'ana ba ce, ba kuwa laifin uwa ba ne. Shi ya sa ake shawartar masu shirin aure su gwada jininsu tun kafin magana ta yi nisa.

Firist ɗin da ya kasa tsayawa a bakin gadon majiyyata, ta hanyar haƙurinsa a lambu ya yi musu hidimar da bai rayu ya gani ba. Allah ya ba shi hutawa ta har abada, mu kuma ya ba mu aminci a ɗan aikin da ya danƙa mana.