Tarihin Magabata: Malam Zaki Mai Tutar Katagum

A wannan fitowa filinmu na tarihin magabata ya leƙa gabashin ƙasar Hausa, wato ƙasar Katagum. Da yawa daga 'ya'yanmu da aka haifa nan baƙon wuri, in an tambaye su asali sai su ce Azare, daga nan kuma shiru. Alhali kuwa Azare ba ta zama mazaunin sarki ba sai 1916. Masarautar ta girmi wannan ƙaura da shekara ɗari da 'yan kai, wanda ya kafa ta kuwa shi ne Malam Ibrahim Zakiyul Ƙalbi, wanda aka fi sani da Malam Zaki.

Masu tarihin gida sun ce ɗan Malam Lawan ne, wani malami da ya zauna a Yayu cikin ƙasar Shira. A wancan zamani Shira da Tashena da Auyo ƙananan sarautu ne masu tsohon tarihi, amma dukkansu Borno suke bi, ta hannun Galadiman Borno da ke zaune a Nguru. Ke nan Malam Zaki ya tashi ne a kan iyaka: yamma Kano, gabas Borno, ga Fulani makiyaya birjik a fadamu suna kukan jangali.

Da labarin hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta 1804 ya bazu, malamai da arɗo-arɗo na wannan yanki suka motsa. Umaru da ƙanensa Sambo suka tashi a wajen Haɗejiya, Buba Yero a Gombe, Gwani Mukhtar kuma daga cikin ƙasar Borno kanta. Malam Zaki shi ma ya karɓi tuta, ya ci Shira da Tashena da garuruwan da ke kewaye, har ya zuwa wajen 1807 ƙasar ta dawo hannunsa.

To, ga inda labarin ya yi nauyi. Birnin Ngazargamu, fadar sarakunan Borno tun zamanin Mai Ali Gaji a ƙarni na 15, ba ƙaramin gari ba ne. Birni ne na masallatai da alarammomi, inda almajirai daga ƙasar Hausa ke zuwa neman tilawa. A 1808 Gwani Mukhtar ya faɗa masa ya ci. Mai Ahmadu, wanda ya tsufa ido ya tafi, ya gudu gabas ya miƙa wa ɗansa Dunama sarauta. Dunama ya nemi taimakon wani malami mai jama'a, Muhammadu al-Amin Elkanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu. Suka dawo suka ƙwace birnin, Gwani Mukhtar ya rasa ransa a nan.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ina! Sai ga Malam Zaki ya tara runduna ya nufi gabas, Mai Dunama ya sake ficewa, Malam ya shiga Ngazargamu. Amma cin gari daban, riƙe shi daban. Ya yi nisa da gida, ga Shehu Laminu da mayaƙansa na Kanembu da Larabawan Shuwa suna nan daram. Bai jima ba ya juyo yamma. Sai dai birnin bai sake tashi ba, sarakunan Borno suka bar shi gaba ɗaya. Kufansa yana nan kusa da Gaidam a Jihar Yobe. Abin da Malam Zaki ya dawo da shi na dindindin shi ne laƙabin Sarkin Borno, wanda magadansa suka ci gaba da amsawa, ko da yake mulkin Bornon bai zauna a hannunsu ba.

A nan ba za mu yi kara ba. Wannan yaƙi ba irin na Gobir ba ne a idon mutane da yawa, domin Borno ta yi ɗaruruwan shekaru da Musulunci kafin a haifi kowa daga cikin masu tuta. Shehu Laminu ya rubuta wasiƙu zuwa ga shugabannin jihadi yana neman hujjar yaƙar mutanen da ke salla suna azumi, yana mai cewa saɓo bai fitar da mutum daga addini. Muhammadu Bello ya amsa da cewa sarakunan Borno sun goyi bayan sarakunan Haɓe a kan jama'ar Shehu, kuma sun ƙyale wasu al'adu na shirka. Bello da kansa ya adana wannan muhawara cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, abin da muke ganin ya cancanci yabo, don ba kowane mai mulki ke ajiye hujjar abokin gabarsa ba. Mu da muke sahu ɗaya da 'yan'uwanmu Barebari a masallatan zango, ya kamata mu san cewa su ma suna da nasu labarin wannan yaƙi, kuma a nasu bakin ba Malam Zaki ne gwarzon ba.

A ganinmu babban aikinsa ba a Ngazargamu yake ba, a bakin kogin Jama'are yake. Can ya zaɓi wuri ya kafa garin Katagum, ribaɗi mai tsaron ƙofar gabas ta daular Sakkwato. Bai daɗe yana cin moriyarsa ba, Allah ya yi masa rasuwa a 1814, shekarar da shi ma Shehu Laminu ya kafa Kukawa. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Liman Adandaya ya gaje shi na ɗan lokaci, sannan Ɗankauwa ya hau a 1816 ya yi shekara 30.

Shaidar ingancin ginin ta zo daga bakin baƙo. A watan Janairu 1824 Bature Kilafaton ya iso Katagum daga Kukawa tare da abokin tafiyarsa Likita Odni, wanda ya mutu a Murmur bayan sun bar garin. Ya tarar da gari mai ganuwa biyu da ƙofa huɗu, mai mutum dubu 7 zuwa 8, ya kuma lura cewa a nan ya fara ganin ana ciniki da wuri tun fitowarsa daga Borno. Duk da haka ganuwar ba ta hana Shehu Laminu ramuwa ba. Wajen 1826 ya taso da babbar runduna, mutanen Katagum suka fice daga garin, sai da Yakubun Bauchi ya tare shi a Fake kafin aka koma gida.

Turawa sun shigo a 1903 suka haɗa Katagum da Lardin Kano. A zamanin Sarki Abdulƙadir aka mai da fada Azare, a 1926 kuma aka mai da masarautar Lardin Bauchi. Tsohon garin Katagum shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunan Malam, wato Ƙaramar Hukumar Zaki.