Amru ɗan Asi da kurciya

An haifi Amru ɗan Asi a Makka. Tun yana saurayi yake fatauci, yana bin ayari zuwa Sham. Ya musulunta a shekara ta 8 bayan hijira. A zamanin Halifa Umaru, shi ne ya ja rundunar da ta shiga Masar, ƙasar da kogin Nilu yake ratsawa bayan ya baro Sudan.

A shekarar 641, rundunar ta yada zango a bakin kogin. Da za su tashi zuwa Iskandariya, sai aka zo kwance tantin Amru. Ashe wata kurciya ta yi sheƙa a samansa, har ta yi ƙwai! In aka naɗe tantin, ƙwan za su fashe. Masu tarihi sun ce Amru ya hana a taɓa tantin, ya sa a yi gadinsa har ƴaƴan su yi fiffike su tashi. Sarkin yaƙi ne fa, yana sauri, amma ya tafi ya bar tantinsa saboda tsuntsuwa ɗaya.

Da suka dawo, sai suka gina gidaje kewaye da wurin. Aka sa wa garin suna Fusɗaɗ, wato tanti da Larabci. Nan Amru ya gina masallaci na farko a Masar. Yau wurin yana cikin birnin Alƙahira, kuma har yanzu ana salla a masallacin.

Amru ya rasu a Masar wajen shekarar 664.